Katanga, Ƙofa da Kare: Nauyin da ke kan Masu Gidaje a Unguwannin Jos

A unguwannin Rayfield da Rantya da Lamingo da sauran matsugunan da suka kewaye birnin Jos, dare yana farawa ne da rurrufe ƙofofin ƙarfe a bayan dogayen katangun bulo waɗanda aka ɗora wa waya mai ƙaya ko fasassun kwalabe, daga nan sai haushin karnuka ya riƙa tashi daga gida zuwa gida, wani daga cikin tsakar gida, wani kuwa daga tsakiyar titi, domin a gidaje da yawa lokacin da ake kulle ƙofa shi ne lokacin da ake kwance kare.

Waɗanda ke haɗuwa da karnukan da suka sulale waje galibi mutanen da sammako ya zame wa dole ne, kamar masu zuwa sallar asuba, da masu zuwa sujadar safe a coci, da ma'aikatan jinya da ke komawa gida daga aikin dare, da matan da ke hanzarin kama kasuwar kayan gwari ta Farin Gada, sai kuma yara 'yan makaranta, waɗanda idan suka firgita suka ruga da gudu suke ƙara tunzura karen ya bi su.

Tushen matsalar shi ne cewa an gina katangar gidan Jos ta wannan zamani da tunanin hana mutum shigowa, ba a yi tunanin hana dabba fita ba, saboda haka aka kashe kuɗi a kan tsawonta da abin da aka ɗora a samanta, aka bar gindinta da ƙofarta da rariyarta a sake, kuma a sakamakon haka tsaron da mai gida ya samar wa iyalinsa ya koma barazana ga maƙwabcinsa da mai wucewa.

Daga ƙyarana zuwa bulo

Killace gida tsohuwar al'ada ce a tsaunukan Filato. Tun kafin zuwan Turawa, al'ummomin Berom da maƙwabtansu suna kewaye gidajensu da gonakinsu da shingen ƙyarana, wato wata tsiro mai kauri da ƙaya wadda ke fitar da farin ruwa mai ƙona fata da ido, kuma idan ta girma ta sarƙe takan fi tsawon mutum, har ta mayar da hanyoyin ƙauye siraran lunguna da mahayin doki ba ya iya kutsawa cikinsu da sauƙi. Har yanzu ana ganin ragowar wannan shinge a ƙauyukan Gyel da Du da Zawan da kewayen Vom.

Da haƙar kuza ta kankama a farkon ƙarni na ashirin, Hausawa da sauran baƙin da suka zo ciniki da ƙwadago sun taho da nasu tsarin, wato gida mai zaure da katangar ƙasa, ko darni na kara da zana ga mai ƙaramin ƙarfi, kuma babbar manufar wannan killacewa ita ce suturta iyali daga idon baƙo. Turawan kamfanonin kuza da na mulki kuwa sun zauna a gidaje masu faɗin fili a Rayfield da Anglo-Jos da unguwar ma'aikatan gwamnati, inda shingen furanni ko gajeriyar waya ke nuna iyaka.

Doguwar katangar bulo ta bazu ne a hankali, da farko saboda yawaitar fashi da makami bayan yaƙin basasa da ya ƙare a 1970, sannan saboda bunƙasar da garin ya yi bayan da ya zama babban birnin Jihar Filato a 1976. Amma abin da ya sauya fuskar unguwanni gaba ɗaya shi ne rikicin da ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001, wanda ya ci rayuka kimanin dubu, da waɗanda suka biyo baya a Nuwamba 2008 da Janairu 2010. Bayan waɗannan fitintinu iyalai da dama sun sayar da gidajensu ko sun yi musanya, kowa ya koma inda mabiya addininsa suka fi yawa, aka kuma buɗe sababbin unguwanni a bayan gari, inda maƙwabta ba su daɗe da sanin juna ba.

A irin waɗannan wurare katanga ce abin da mai fili ke fara ginawa, wani lokaci shekaru kafin ya aza harsashin ɗaki, domin ban da tsaro tana zama shaidar mallaka a garin da rigimar filaye ta yi yawa. Aikin kuwa yana cin kuɗi, domin filin da ke da ƙafa hamsin a faɗi da ƙafa ɗari a tsawo yana buƙatar bulo kusan dubu biyu kafin katangarsa ta kai mita biyu, ga kuma farashin siminti da ya ninka cikin 'yan shekaru, har buhu ya kai kimanin naira dubu goma a 2024.

Kare a matsayin mai gadi

Karnukan Jos iri biyu ne. Akwai karen gida na gargajiya, mai matsakaicin jiki, wanda ake samu da yawa a unguwannin da ke kan duwatsu irin su Tudun Wada da Jenta da Kabong da Unguwar Rukuba, inda gidaje suka cunkushe a tsakanin duwatsu kuma yawancinsu ba su da katanga, saboda haka karen yana da mai shi amma yana yini yana yawo, yana neman abinci a juji, ya dawo gida da yamma.

Akwai kuma manyan karnukan ƙasashen waje, irin su Alseshiyan da Rotwaila da Bowabul da Kokeshiyan, waɗanda wasunsu kan haura kilo hamsin. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga gaɓar teku, kuma sanyinta ya dace da karnuka masu yawan gashi, abin da ya sa kiwonsu da sayar da 'yan kwikwiyonsu zuwa Abuja da Legas da sauran birane ya zama sana'ar matasa da yawa. Sana'a ce halastacciya a idon doka, sai dai sau da yawa ana yin ta ne a bayan gidan haya, a cikin kejin da bai kai ya riƙe dabba mai irin wannan ƙarfi ba.

Haka kuma jihar tana da kasuwar karnuka ta Dawaki a Ƙaramar Hukumar Kanke, wadda ake lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, inda ake kawo karnuka daga jihohin Arewa da ƙasashe maƙwabta, ana kuma lodinsu zuwa jihohin Kuros Riba da Akwa Ibom da ake cin namansu. Wannan zirga-zirga tana nufin cewa karnukan da ba a san tarihin lafiyarsu ba suna ratsa jihar a kai a kai, kuma tana nufin cewa karen da aka bari yana yawo yana cikin haɗarin sata, dalilin da ya kamata ya ishi mai shi ya killace shi ko da bai damu da kowa ba.

Inda katanga ke gazawa

Kare yana fita daga gida ne ta hanyoyi sanannu, kuma mafi yawansu suna ƙasa da gwiwar mutum. Ta farko ita ce ratar da ke tsakanin ƙofar ƙarfe da ƙasa, wadda masu walda kan bari da faɗi domin ƙofar ta riƙa buɗuwa ba tare da ta gogi ƙasa ba, kuma a gidan da ke kan gangare, kamar yadda gidajen Jos da yawa suke, ratar kan yi faɗi a gefe ɗaya har kare mai matsakaicin jiki ya kwanta ya wuce. Maganinta shi ne a zuba dakalin kankare a bakin ƙofar, ko a ƙara wa ƙofar faranti ko ragar ƙarfe daga ƙasa.

Ta biyu ita ce rariya, wato kafar da ake bari a gindin katanga domin ruwan sama da na wanke-wanke ya fita. Jos tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, tsakanin Afrilu da Oktoba, saboda haka ba a iya toshe wannan kafa, domin katangar da ta tare ruwa ba ta daɗewa a tsaye, amma ana iya gitta mata rodi kusa da kusa, yadda ruwa zai wuce kare ba zai wuce ba.

Ta uku ita ce tono. Kare dabba ce mai haƙa, musamman idan ya gaji da zaman kaɗaici ko ya ji ƙamshin karya mai neman barbara a waje, abin da kan faru ga kowace karya kusan sau biyu a shekara. Katangar da aka aza a kan harsashi marar zurfi, ko shingen waya da aka kafa a kan ƙasa kawai, ba ya hana shi. A wuraren da ƙasa ke da dutse a kusa, birkiloli kan ɗora bulo a kan dutsen kai tsaye, sai ruwa ya wanke ƙasar da ke cike ramukan da ke tsakanin dutse da bulo, a wayi gari da kafa a inda jiya babu. A filayen da aka cike tsofaffin ramukan kuza kuwa ƙasa kan zauna a hankali, katanga ta tsage ko ta karkata.

Tsalle shi ne abin da masu gida suka fi tsoro, alhali shi ne mafi sauƙin magani, domin katanga mai tsawon ƙafa shida zuwa bakwai ta ishi yawancin karnuka, muddin ba a jingina mata abin da zai zama matakala ba. Tarin bulo ko yashi da ya rage daga gini, da itacen girki, da tankin ruwa, da rufin kejin kansa idan an manna shi da katanga, su ne ke ɗaga kare zuwa sama, kuma idan ya isa can fasassun kwalabe ba sa mayar da shi, yanka shi kawai suke yi.

Duk da haka, hanyar da ta fi kowace yawan fitar da kare ita ce ƙofar da aka buɗe da hannu, lokacin da mota ke shiga ko fita, ko yaro ya je aike ya bar ta a buɗe. Saboda wannan ne likitocin dabbobi da masu horar da karnuka ke ba da shawarar a yi killace na biyu a cikin gida, wato a raba bayan gida da gabansa da gajeriyar katanga ko raga mai ƙofarta, ta yadda kare zai sami filin motsa jiki da inuwa da ruwan sha ba tare da ya kai ga ƙofar waje ba. Wannan tsari yana kare mai tallar nono da ma'aikacin da ya zo duba mitar wuta da jami'in rigakafi da duk baƙon da ya shigo da sallama, kuma kuɗinsa bai kai na ƙarin layi biyu na bulo a kan katangar waje ba.

Ɗaure kare da gajeriyar sarƙa yini guda, ko kulle shi a keji mai duhu domin ya yi zafin rai, al'ada ce da ta yaɗu, kuma ta cancanci a yi tir da ita ta fuska biyu, domin azabtarwa ce ga dabbar da ba ta da bakin kai ƙara, sannan karen da aka raina haka ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci a ranar da sarƙar ta tsinke.

Haukan kare

Abin da ya ɗaga wannan batu daga saɓanin maƙwabta zuwa matsalar lafiyar al'umma shi ne cutar haukan kare, wadda ƙwayarta ke cikin yawun dabbar da ta kamu, ta shiga jikin mutum ta cizo ko yaƙushi, ta bi jijiyoyi a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Alamunta kan bayyana bayan wata biyu zuwa uku, wani lokaci ƙasa da haka ko fiye, kuma da zarar sun bayyana, kamar firgita da tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tsira.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukansu ta hanyar kare, kuma kimanin kashi arba'in cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Hukumar ta kuma bayyana cewa yi wa kashi saba'in cikin ɗari na karnukan wani yanki rigakafi yana katse yaɗuwar cutar, kuma a kan wannan ne aka kafa burin duniya na kawo ƙarshen mutuwar mutane ta wannan hanya zuwa 2030.

Mutanen Jos suna da gatan da sauran garuruwa ba su da shi, domin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa, wadda ke Vom tun 1924, tana cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, kuma a nan ake sarrafa allurar rigakafin karnuka, a nan ake gwada ƙwaƙwalwar karen da ake zargi. Ga kuma tsangayar koyar da likitancin dabbobi ta Jami'ar Jos da asibitocin dabbobi na gwamnati da na masu zaman kansu. Ana fara yi wa kwikwiyo allurar yana da wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, kuma kuɗinta kaɗan ne idan aka gwada da na jerin alluran da ake yi wa mutumin da aka ciza.

Killacewa tana da hannu kai tsaye a nan, domin karen da ba ya fita ba ya cuɗanya da karnukan da suka kamu, kuma idan ya ciji wani ana iya tsare shi a lura da shi kwana goma, wanda shi ne lokacin da likitoci suka ƙayyade domin a gane ko yana ɗauke da cutar sa'ad da ya yi cizon. Gaggawar kashe karen a jefar, ko sayar da shi ga mahauta, tana ɓatar da wannan shaida, haka kuma ƙona gashinsa a shafa a kan rauni ba ya kashe ƙwayar cutar. Abin da ke taimako shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu na kimanin minti goma sha biyar, a kuma garzaya asibiti a ranar.

Abin da doka da addini suka tanada

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya kula da ajiye dabbobin gida da zirga-zirgarsu a cikin ayyukan ƙananan hukumomi, kuma tun farkon shekarun 1940 ƙasar nan take da dokar karnuka da ta tanadi lasisi da matakan daƙile haukan kare. Gini kuwa a birnin yana ƙarƙashin Hukumar Raya Birnin Jos, wadda aka sani da JMDB, kuma a 2024 Gwamna Caleb Mutfwang ya sa hannu a kan umarnin zartarwa mai lamba 003 domin hana gine-gine ba bisa ƙa'ida ba. Ambaliyar da ta auka wa Rikkos da Gangare da kewayensu a Yulin 2012, wadda ta halaka mutane fiye da talatin, ta isa nuna abin da gini a kan hanyar ruwa ke jawowa, kuma katanga ma gini ce.

A Ingila, dokar karnuka masu haɗari ta 1991 an faɗaɗa ta a 2014 har ta shafi cizon da ya auku a cikin gidan mai karen, kuma tun 2016 wajibi ne a saka wa kowane kare wata 'yar na'ura a ƙarƙashin fata mai ɗauke da bayanan mai shi. Darasin da ya dace da Jos a nan shi ne a san mai kowane kare, ko da ta hanyar lambar ƙarfe a wuya da littafin rajista ne.

Addinan mutanen garin ma ba su yi shiru ba. Risalar Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a 996, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta taƙaita ajiye kare ga farauta da tsaron dabbobi da na gona, amma malaman Malikiyya sun ruwaito cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare sa'ad da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, abin da wasu suka kafa hujja da shi wajen halasta karen gadi idan buƙata ta kama. Malaman sun kuma ɗora lamuni, wato biyan diyyar ɓarna, a kan mai kare mai cizo idan an gargaɗe shi bai ɗauki mataki ba, daidai da yadda suka ɗora shi a kan mai katangar da ta karkata aka yi masa magana ya ƙyale har ta faɗa wa wani. A Littafi Mai Tsarki, sura ta 21 ta Littafin Fitowa ta ɗora alhaki mai nauyi a kan mai bijimin da aka san yana tunkuyi, aka gargaɗe shi, ya ƙi tsare shi.

Kowane ɓangare da hujjarsa

Masu karnuka suna cewa a unguwar da fitilun titi ba sa aiki kuma ofishin 'yan sanda ke nesa, haushin kare ne ke tashe su kafin ɓarawo ya hau katanga, wasu ma suna ganin karnukan da ke yawo da dare suna tsare layin gaba ɗaya. Tsoronsu na gaske ne, kuma wanda ya san abin da garin ya gani ba zai raina shi ba. Sai dai titi na kowa ne, kuma 'yan sintirin unguwa da ke kwana a waje domin tsaron mutane suna cikin waɗanda sakakken kare ke fara kai wa hari.

Masu ƙaramin ƙarfi da 'yan haya suna da tasu hujjar, wato ba su da halin gina katanga, kuma gidan ma ba nasu ba ne. Ga irin waɗannan, ɗan killace na raga da katako a bayan ɗaki, tare da allurar shekara, ya wadatar, kuma a gefen gari shingen ƙyarana ko na bini-da-zugu da aka haɗa da raga daga ƙasa yana aiki da kuɗi kaɗan, in dai an kiyaye yara daga ruwan ƙyarana da 'ya'yan bini-da-zugu masu guba.

Maƙwabtan da ba sa ajiye kare kuwa sukan yi shiru domin gudun fitina, har ranar da aka ciji yaro, sai fushin da aka daɗe ana dannewa ya fito, wani lokaci ta hanyar zuba guba a abinci a jefa ta kan katanga, wanda zalunci ne kuma haɗari ne ga yara da kaji da sauran dabbobi. A garin da ƙaramin saɓani tsakanin mutum biyu kan iya ɗaukar launin addini ko ƙabila cikin sa'o'i, barin irin wannan ƙorafi ba tare da wurin kai shi ba sakaci ne da bai kamata hukuma ta yi ba.

Saboda haka ya wajaba shugabannin ƙananan hukumomin Jos ta Arewa da Jos ta Kudu da Jos ta Gabas su yi aiki da ikon da tsarin mulki ya ba su, su buɗe rajistar karnuka a hannun masu unguwanni da ƙungiyoyin mazauna, su haɗa kai da cibiyar Vom wajen kai allurar rigakafi layi-layi a kowace shekara, musamman a kusa da 28 ga Satumba da duniya ta keɓe domin yaƙi da haukan kare, su kuma hukunta duk wanda ya saki karensa a titi bayan an gargaɗe shi. Hukumar JMDB ta sanya zurfin harsashi da mafitar ruwa da ratar ƙofa cikin abin da take dubawa kafin ta amince da katanga, masu gidaje kuma su zagaya gindin katangunsu su gyara kafin ruwan Afrilu ya sauka.